Miksar shawa ta cikin bango: za a iya sauya fuska a bar uwar?

"Assalamu alaikum. Muna gyaran banɗaki biyu a gidanmu a Kano, ɗaya nawa, ɗaya na Hajiya mahaifiyata. A nawa akwai miksar shawa irin wadda ake binnewa a bango. Ta daɗe, hannunta ya ci tsatsa, kuma maiɗakina tana son a sa baƙa don ta dace da sabon tayil da za mu sa. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko mana da masu kyau daga can. Mai aikin famfonmu ya ce duk rabin inci ne, kowace muka samo zai ɗaura. Banɗakin Hajiya kuwa an riga an fasa komai, sabo za a sa, kuma ina son wanda ruwan zafi ba zai ƙona ta ba. Ruwanmu na bohol ne, tanki a kan ƙarfe. Me zan saya, kuma da me zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ba ka ladan wannan hidima. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko sabuwar fuska baƙa za ta zauna a kan tsohuwar miksar da ke bangonka, ko kayan da ƙanenka zai aiko za su yi aiki a gidanka, sannan wane famfo ne zai kare Hajiya daga ƙuna. Tun da farko zan ce maka kada ka sayi fuska ita kaɗai, ka dakatar da ƙanenka tukuna, kuma kafin ka taka kasuwa ka san tsayin tankinka.

Abin da ke cikin bango

Miksa ita ce famfon da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi. Wadda ake binnewa kashi uku ce, ko da yake mai gida kashi ɗaya yake gani. Akwai uwa, wato dunƙulen tagullar da ake binnewa, inda bututun zafi da na sanyi suke shiga, wasu kuma su fita zuwa kan shawa. A cikin uwar akwai katirij, shi ne yake buɗe ruwa, ya rufe, ya gauraya. Sai fuska: farantin da ke rufe ramin tayil, da hannu, da wuyan da ke tsakaninsu, da sukurorin da ke riƙe su.

Rabin incin da mai aikinku yake faɗa girman bakin da bututu ke shiga ne kawai. Fuska ba ta taɓa wannan bakin ko kaɗan. Abin da take taɓawa shi ne ramukan sukuru na jikin uwar, da sandar katirij wadda hannu ke hawa. Ramukan nan kowane kamfani da inda yake huda nasa: wani sama da ƙasa, wani a karkace, wani ma ba ya amfani da sukuru, zobe ne ake murɗawa. Sandar kuma wata mai kusurwa huɗu ce, wata zagayayya mai ƙananan haƙora, haƙoran ma wani 20, wani 24, wani 28. Ga tsawon sandar, ga nisan da ke tsakanin hannu da maɓallin da ke karkatar da ruwa daga sama zuwa tiyo. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa da 'yan milimita, fuskar ba za ta zauna ba. Babu wata ƙa'ida ta duniya da ta tilasta wa kamfanoni su daidaita wannan wurin, kuma ba su daidaita ba. Shi ya sa zuwa kasuwa da kalar fuska kawai daidai yake da ka je wajen mai sufaya ka ce a ba ka birkin farar mota. Zai tambaye ka kamfani, samfuri da shekara.

Sunan kamfani ma bai wadatar ba. Mutane da yawa suna ɗaukar Grohe da Hansgrohe abu ɗaya ne saboda kamar suna. Hans Grohe ya kafa nasa a garin Schiltach na Jamus a 1901, ɗansa Friedrich ya kama wani kamfanin daban a Hemer a 1936. Yau Grohe yana hannun Lixil na Japan, mafi yawan hannun jarin Hansgrohe kuma na Masco ne na Amurka, wanda shi ke da Delta. Fuskar ɗaya ba ta hawa uwar ɗayan, kuma zaman Delta da Hansgrohe a hannun kamfani ɗaya bai sa kayansu sun shiga juna ba. Ko a cikin gida ɗaya akwai rabuwa. Moen yana da Posi-Temp mai katirij lamba 1222, yana da Moentrol mai lamba 1225, kowanne da fuskokinsa. Grohe yana da tsohon Rapido T da sabon Rapido SmartBox, su ma kowanne da nasa.

Abin da wasu kamfanoni suka yi don sauƙaƙa wa mutane shi ne su ƙera uwa ɗaya da ke karɓar fuskokinsu masu yawa. Hansgrohe ya fito da iBox universal a 2001, Delta yana da MultiChoice, Grohe yana da SmartBox ɗin da na ambata. Da irin waɗannan za ka iya binne akwatin yau, ka zaɓi fuska daga baya, har ka sauya ta bayan shekaru ba tare da taɓa tayil ba, amma dai daga cikin kayan kamfanin. Akwai abin lura a nan da ke yawan kawo rigima tsakanin mai gida da mai shago. A irin waɗannan, katirij yana zuwa ne a kwalin fuska, akwatin bango fanko ne. A wasu kuma, kamar Posi-Temp, katirij yana cikin uwar tun daga kamfani. Wanda bai tambaya ba, zai iya komawa gida da kwali biyu masu tsada alhali babu katirij a ko ɗaya.

Banɗakinka

Daga nan inda nake ba zan iya faɗa maka sunan miksar da ke bangonka ba, sai an buɗe ta. Aikin ba shi da wuya. A rufe ruwa daga tanki. A ƙasan hannun, ko a bayan ɗan maɓallin nan mai ja da shuɗi, akwai ƙaramin sukuru da ake kwancewa da alanki, wato lanƙwasasshen makullin nan mai kusurwa shida. Hannu ya fita, faranti ya fita, sai ka haska fitila ka duba jikin tagullar ko akwai suna ko lamba. A kwance zoben da ya danne katirij, a zaro shi. Ka auna faɗinsa, ka juya gindinsa ka ɗauki hoto: ramuka uku, da 'yan ƙusoshin roba biyu da ke zaunar da shi, kuma ko gindin shafaffe ne ko yana da ƙafafu.

Idan ka ga sunan babban kamfani da lamba, shiga shafinsu na intanet ka nemi takardar wannan lambar, za ka ga jerin fuskokin da ke hawa kanta. Idan babu suna, wanda shi na fi tsammani, katirij ɗin galibi zai zama mai milimita 35 ko 40, kuma ana samunsa a kasuwa ba wahala. Da sabon katirij da hannun da ya dace da sandarsa, ɗigar ruwa za ta tsaya. Baƙar fuska cikakkiya kuwa da wuya ka same ta, don irin waɗannan miksoshi saiti ake shigo da su, uwa da fuska a kwali ɗaya, ba a sayar da fuskar daban.

Amma ka ce sabon tayil za ku sa, kuma wannan ya canza lissafin gaba ɗaya. Duk wahalar neman fuskar da ta dace ta mutumin da ba ya son fasa tayil ce. Kai da tayil zai sauka ko ta yaya, cire tsohuwar uwar ƙarin aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ban ga hikimar rufe tagullar da ta sha shekaru tana shan ruwan bohol a bayan sabon tayil ba. Idan ta fara tsiyaya bayan shekara biyu, sabon tayil ɗin ne zai biya. Cire ta.

Abin da nake roƙonka kada ka yarda da shi shi ne a ce za a yi dabara. Na sha zuwa gidajen da aka goge sandar katirij da magagari don hannun da ba nata ba ya shiga, aka liƙe faranti da silikon saboda sukuru bai sami rami ba. Ranar farko abin sha'awa. Bayan 'yan watanni hannu yana juyawa a banza, ruwa yana bi ta bayan faranti yana shiga bulo, fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara kumbura yana ɓarewa.

Kayan Amurka

Kayansu masu kyau ne, amma don gidajensu aka yi su. Matsala ta farko zare. Mu a nan zaren Ingila muke amfani da shi, BSP, su kuma NPT. A rabin inci dukansu zare 14 ne a kowane inci, shi ya sa suke yaudarar hannu: za su kama, su yi 'yan zagaye lafiya, sannan su cije. Kusurwar haƙoran ce ta bambanta, namu digiri 55, nasu 60. Mai aiki zai naɗa farin tef da yawa ya ɗaure da ƙarfi, ya ga ba ɗiga, a rufe bango. Irin wannan haɗin ne ke fara gumi daga baya. Akwai mahaɗin da ke juya wannan zare zuwa wancan, amma sai a aiko da shi tare, ɗaya ga kowane baki. Wasu uwayen nasu ma ba su da zare sam, an yi su ne don a liƙa bututun jan ƙarfe da dalma ko a matse bututun roba mai lanƙwasuwa da ake kira PEX, alhali mu bututun roba na PPR mai milimita 20 da 25 muke haɗawa ta hanyar narka bakinsa.

Ta biyu ƙarfin ruwa. Yawancin gidajen Amurka ruwan gari suke sha kai tsaye, da ƙarfin da ke kai bar 3 zuwa 4 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Dokarsu ta 1992 ta taƙaita abin da kan shawa zai fitar zuwa galan 2.5 a minti, kimanin lita 9.5, don haka akwai ɗan matsewa a cikin kowane kai. Ka haɗa wannan da tankinmu, sai ka ga ruwa yana zirara kamar ba ya so. Yawancin miksoshinsu kuma irin masu daidaita ƙarfin ɓangare biyu ne: idan sanyi ya ragu su rage zafi nan take. Kariya ce mai kyau, amma ma'anarta idan ka rufe layin hita don gyara, ko ba a haɗa ɓangaren zafi ba kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, shawar ba za ta ba ka ruwan kirki ba ko na sanyin. Ta uku, ranar da katirij ya mutu, sai ka jira mai zuwa daga can.

Idan ƙanenka yana son sa hannu a aikin, kuma ya kamata a bar shi ya sami ladan Hajiya, ya turo kuɗin a saya a nan.

Tanki da ƙarfin ruwa

Wannan ne wurin da aka fi tafka asara, don mutane suna zaɓen famfo da ido ba su tambayi tankinsu ba. Lissafin mai sauƙi ne. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da kusan bar 1. Ana aunawa daga ruwan da ke cikin tanki zuwa kan shawa, ba zuwa ƙasa ba. Idan gindin tankinka yana mita 6 daga ƙasa, kan shawa yana mita 2, abin da kake da shi bar 0.4 ne, ya ɗan ƙaru idan tanki ya cika, ya ragu da tsawon bututu da yawan lanƙwasa. A bene na sama abin ya fi haka muni. Yawancin miksoshin Turai masu tamostat, wato masu tsayar da zafin ruwa da kansu, suna neman kusan bar 1 kafin su yi aiki yadda ya kamata, kuma adadin ruwan da ake rubutawa a kwalinsu a bar 3 aka auna shi.

Hanya biyu gare ka. Ko ka nemi kayan da aka rubuta a takardarsu cewa suna aiki da ƙaramin ƙarfi, bar 0.2 ko kusa da haka, irin waɗanda aka ƙera don tsofaffin gidajen Ingila masu tanki a rufi. Ko ka sa injin ƙara ƙarfin ruwa. Idan inji za ka sa, ya zauna a bakin tanki kafin layi ya rabu, yadda zafi da sanyi za su sami ƙarfi ɗaya. Na ga inda aka sa inji a layin sanyi kaɗai, sanyin ya rinjayi zafin, har yana tura shi baya cikin hita, mai gida yana zargin hitar. A kuma yi wa injin hanyar kewaye da bawul ɗinta, don ranar da babu wuta ruwa ya bi ta gefe. Sannan a duba bawul ɗin kariya na jikin hita yana nan yana aiki, an kuma ja masa bututun zubarwa, don hita mai tara ruwa ba abin wasa ba ce idan ƙarfi ya ƙaru.

Babban farantin shawa na sama, mai faɗin santimita 25 ko 30, da shi da hita mai lita 30 ba sa jituwa. Cikin 'yan mintuna ruwan zafin ya ƙare. Idan kuma hitar taku irin ƙaramar nan ce mai ɗumama ruwa yana wucewa, wadda tiyo ke fita kai tsaye daga jikinta, yawancinsu ba a sa musu miksa ko bawul a gaba. Sai a duba takardarta kafin a yi maganar miksa.

Banɗakin Hajiya

Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar tsoho da ta yaro kuma ta fi saurin kamuwa. Tsoho ba ya iya ja da baya da sauri, idan ya yi yunƙuri a kan jiƙaƙƙen tayil faɗuwar ta fi ƙunar haɗari. Rage zafin hita sosai ba shi ne mafita ba, don ana son ruwan da ke kwance a cikinta ya riƙa kai wajen digiri 60 saboda ƙwayar cutar Legionella da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. A bar hita da zafinta, a tare zafin a bakin famfo.

Miksa mai tamostat ita ce ta fi yin wannan aikin. A cikinta akwai wani ɗan kaki da ke kumbura idan ruwa ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, yana matsar da bawul da kansa. Hannu ɗaya na buɗewa da rufewa, ɗaya na zafi, kuma akwai maɓalli a digiri 38 wanda sai an danna shi da gangan kafin a wuce. Idan ruwan sanyi ya yanke gaba ɗaya, tana rufe na zafin. Sharaɗinta uku ne. Zafi ya shigo ta hagu, sanyi ta dama, idan aka juya su za ta riƙa ba da zafi zalla ko sanyi zalla. Ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna. Ruwa kuma ya zama mai tsabta, don yashin bohol shi ne babban abokin gabarta, sai an sa filta a layin da ke fitowa daga tanki an kuma riƙa wanke ta. Ka sani kuma tamostat ba ta sanyaya ruwa. A watan Afrilu da rana tsaka, ruwan baƙin tankin roba da kansa yana fitowa da zafi, babu abin da za ta iya yi sai dai a yi wa tankin inuwa. Amfaninta na gaske a hunturu ne, lokacin da ake kunna hita da asuba.

Ga Hajiya ba zan binne komai a bango ba. Zan sa miksa ta waje, mai kama da sanda, wadda ke hawa kan baki biyu da suka fito daga tayil. A nan ne kamfanonin Turai da masu bin tsarinsu suka yarda da juna: tazarar bakunan milimita 150 ce, kuma ana haɗawa da wasu karkatattun mahaɗai da ke ba da damar gyara kuskuren kusan milimita 15. Duk ranar da ta lalace, noti biyu za a kwance a ɗora wata, ko ta wane kamfani, ba a taɓa tayil ba, Hajiya ba ta kwana ba ruwa ba. Ka nemi wadda jikinta ba ya ɗaukar zafi, don wasu ɓangaren hagunsu yana yin zafi sosai. Idan ba za a sa inji ba, kuma ba a sami mai aiki da ƙaramin ƙarfi ba, a sa miksa mai hannu ɗaya. Da yawa daga cikin katirij ɗinsu suna da zoben roba mai haƙora a wuya, wanda ake juyawa ya hana hannun kaiwa ƙarshen zafi. Wannan bai kai tamostat ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kafin a ja bututu, ka tambayi Hajiya yadda take wanka. Idan a kan kujera take zama, a sauko da miksar inda hannunta zai kai ba tare da ta miƙe ba, a sa tiyo mai tsawo da kan shawa na hannu. Kusan tabbas za ta so famfon ƙasa na cika bokiti da buta, kuma wanda zai ba ta ruwan ɗumi na alwala. A sa mata ƙarfen dafawa na musamman, ɗaurarre cikin bulo, don kada ta riƙa dogara da miksar in za ta tashi.

Maganar bokiti ta shafi naka banɗakin ma. Kan shawa na sama, na hannu, da famfon ƙasa mafita uku ke nan. Uwa mai mafita biyu ba za ta zama mai uku ba bayan an binne ta, fuskar ma dole ta kasance mai karkatarwa uku. Ka ƙirga mafitar da kuke so kai da maiɗakinka kafin komai.

Zurfi da ɗauri

Idan ka tsaya kan ta cikin bango a naka, zurfin binnewa shi ne abu na gaba da ke hana fuska zama ko da kayan sun dace. Kowace uwa tana da iyaka: iBox universal milimita 80 zuwa 108, SmartBox 75 zuwa 105. Daga fuskar tayil ake aunawa, wato bayan filasta da siminti ko gam da kaurin tayil ɗin kansa. Mai famfo yana aiki a kan bulo tsirara, sai ya ƙiyasta. Mai tayil ya zo daga baya, bango ya karkace, ya cika siminti don ya miƙe shi, sai uwar ta nutse. Hannu ya kasa kai sanda, sukuru ya gaza. Manyan kamfanoni suna sayar da kayan ƙarin tsawo don irin wannan, marasa suna ba su da shi. Maganin shi ne a tsayar da su biyun a gaban bangon rana ɗaya, da samfurin tayil a hannu, su ja layin inda fuskar tayil za ta tsaya. Murfin robar da ke zuwa a kan uwar yana da layi biyu, na ƙaranci da na iyaka. Tayil ya faɗa tsakaninsu, kuma kada a cire murfin sai an gama aikin siminti.

Bulo mai inci 6 kaurinsa milimita 150 ne kuma cikinsa rami ne, da zarar an sassaƙa an faɗa cikin ramin. Sai an cike bayan an ɗaure uwar da kyau, a sa ma'aunin magina a tabbatar ba ta karkace ba, musamman idan farantin mai kusurwa huɗu ne, don layin tayil zai tona karkatar. Kafin filasta a toshe mafita, a cika layin da ruwa da injin gwaji, a bar shi a ga ko allura za ta sauka. A wanke bututu da ruwa mai yawa kafin a sa katirij, don ɓarɓashin PPR da yashi su fita. Ka ɗauki hoton bangon da awo a jikinsa kafin a rufe, zai yi maka amfani ranar da za a huda don rataye wani abu. In an zo sa faranti, silikon ya bi sama da gefe biyu, a bar ƙasa a buɗe don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.

Baƙar kala da ranar sayayya

Baƙi yana da kyau, amma ruwan bohol yana barin farin tabo a kansa wanda ba ya fitowa fili a kan mai ƙyalli. Mai arha fenti ne, yana ɓarewa daga gefen hannu. Ana goge shi da tsumma mai laushi da sabulu kawai, ban da soson ƙarfe, ban da asid ɗin wanke tayil, kuma a gaya wa masu aiki haka tun ranar da za su wanke banɗakin bayan gini, don a ranar ne da yawa suke lalacewa. Baƙin wannan kamfani kuma ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. A kan shawa da tiyo da hannun da ke fitowa daga bango, maganar mai aikinku daidai ce: zaren rabin inci ne, na kowane kamfani zai hau. Sai dai ka jera su a hasken rana ka ga ko kalar ta zo ɗaya.

Ko Ƙofar Ruwa ka je, ko Dei-Dei a Abuja, tafi da mai aikinka, kuma ka sayi uwa da fuska rana ɗaya a shago ɗaya. Yadda nake yi, a kan teburin mai shago nake buɗe kwalayen biyu kafin a biya. In ɗora farantin a kan uwar, in zura sukurorin da hannu in ji sun kama, in sa hannun a kan sanda in juya shi hagu da dama, in danna maɓallin karkatarwa in ƙirga mafita. In ɗaga uwar in ji nauyinta, in leƙa cikin bakinta: tagulla rawaya ce har ciki, ƙarfen banza da aka shafa wa kala kuwa fari-fari ne kuma ba nauyi. Jabu mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni yana da yawa, don haka ka buga lambar kwalin a shafin kamfanin a wayarka, ka ga ko hoton da bayanin sun yi daidai da abin da ke gabanka. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi masa ita ce ko yana da katirij na wannan samfurin daban. Idan yana da shi, sayi ɗaya ka haɗa da takardar da ta zo a kwali da rasit, ka ajiye a inda kake ajiye takardun gida. Idan ya ce babu kuma ba ya kawowa, ajiye wannan miksar komai kyanta, ka duba wata, ko ka sa ta waje a naka banɗakin kamar na Hajiya. Ana samun su baƙaƙe, har da masu sandar shawa ta sama da famfon bokiti a haɗe.